Gandun Dajin Yankari da Maƙwabtansa

Yankari gandun namun daji ne da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244. Kogin Gaji ne ya ratsa shi, kuma shi ne ran dajin: idan rani ya tsananta, giwaye, ɓauna, gwanki, kanki da gwambaza duk bakin kogin suke gangarowa.

Tun kafin a killace shi, mutane sun zauna a wannan daji. Ga rijiyoyin Dukkey, fiye da 100, da aka haƙa cikin dutse don tara ruwa. Ga kogunan Marshall, ƙananan ɗakuna da aka sassaƙa a jikin dutse, ga kuma kufan murhunan da maƙera suka narka tama. Saboda haka tarihin Yankari tun asali da ɗan Adam a cikinsa.

A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta ware shi a matsayin gandun namun daji, aka buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba, 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991 ta mai da shi gandun ƙasa, sannan a 2006 ya koma hannun Jihar Bauchi. Yawancin baƙi maɓuɓɓugar Wikki suke zuwa gani, mai ruwa garai-garai da ɗuminsa ba ya kaucewa digiri 31, rani da damina.

Sai dai makomar Yankari a bakin iyakarsa take. Dajin ba shi da shinge, kuma garuruwa irin su Mainamaji da Duguri na kewaye da shi. Da kaka, garken giwaye kan fito da dare ya faɗa gona. Da safe manomi ya tarar da karan dawarsa a kwance, zangarniya an tsinke, ga sawu kamar bakin turmi, abincin shekara ya tafi. Wanda aka yi wa haka, da wuya a ce masa giwa dukiyar ƙasa ce ya saurara, kuma yana da gaskiyarsa. Makiyaya su ma kan kutsa da shanu neman ciyawa da ruwa, ga mafarauta masu neman nama da hauren giwa. A haka raƙumin dawa ya ƙare a dajin, zakuna suka zama 'yan ƙalilan, giwayen da ƙidayar 2006 ta nuna sun haura 300 suka ragu matuƙa.

A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar kan tsaron dajin. Aka ƙarfafa sintirin ma'aikatan gandu, aka ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya don a riƙa sanin inda garke ya nufa. Matakin da ya fi ma'ana shi ne ɗaukar mutanen ƙauyukan da kansu a matsayin masu gadin giwa: su ne ke buga waya idan garke ya doso gonaki, a zo a kora shi tun bai yi ɓarna ba. Kisan giwaye don haure ya ja baya sosai bayan 2015. Matsalar kiwo cikin gandun kuwa tana nan, domin burtali da makiyayar da ke wajen dajin noma yana ta cinye su.