Tarihin VPN: Daga Layukan Kamfanoni Zuwa Manhajar Kyauta a Waya

VPN hanya ce ta haɗa na'urar mutum da wata babbar kwamfuta mai nisa, wadda ake kira saba, a kulle duk abin da ke kai-komo tsakaninsu ta yadda wanda ke tsakiya ba zai iya karantawa ba. Kamfanin sadarwar da mutum ya sayi data a wurinsa yana ganin an haɗu da wata saba, amma ba ya ganin shafukan da aka shiga. Shi kuma shafin da aka shiga, adireshin sabar yake gani, ba na mai wayar ba. Yawancin mutane a yau sun san VPN ne a matsayin manhajar kyauta mai maɓalli guda, sai dai ba don mai waya a hannu aka ƙirƙiro ta ba, ba kuma da kyauta ta fara ba.

Kafin intanet ta zama ta kowa, banki ko kamfanin jiragen sama mai rassa a garuruwa da yawa yakan yi hayar layi na musamman daga kamfanin tarho, layin da babu mai bi ta kansa sai shi. Akwai amana a tsarin, amma akwai tsada, domin kuɗin hayar yana ƙaruwa da nisan zango, kuma kowane sabon reshe sai an ja masa nasa layin. Da intanet ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa a farkon shekarun 1990, sai ga hanya mai araha wadda ta isa ko'ina, illarta ɗaya: saƙo yana bi ta hannun kamfanoni barkatai a buɗe. Tambayar da injiniyoyi suka sa a gaba ita ce yadda za a samu sirrin layin haya a kan hanyar da kowa ke bi.

A 1993 John Ioannidis na Jami'ar Columbia da Matt Blaze na ɗakin binciken AT&T Bell Labs suka fito da wani gwaji mai suna swIPe, wanda ke kulle ƙunshin bayanai tun daga tushe. Bayan shekara biyu hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta wallafa ƙa'idar IPsec, wadda har gobe manyan ma'aikatu ke haɗa rassansu da ita. Wadda ta fi isa ga ma'aikaci na yau da kullum ita ce PPTP, da Microsoft da wasu kamfanoni suka fitar a 1996 aka sa ta cikin Windows. Da ita ma'aikacin da ke otal a wani gari zai buga layin intanet na garin, ya shiga kwamfutocin ofishinsu kamar yana zaune a kan teburinsa.

PPTP ba ta daɗe ba aka gano laifinta. A 1998 Bruce Schneier da wani masanin tsaro da aka fi sani da Mudge suka nuna raunin yadda Microsoft ta gina ta, a 2012 kuma Moxie Marlinspike ya nuna cewa ana iya fasa makullinta cikin kusan yini guda. Duk da haka ta ci gaba da yawo shekaru a hannun masu sayar da VPN mai araha da masu bayarwa kyauta, saboda sauƙin kafawa. Apple ya cire ta daga wayoyinsa da kwamfutocinsa a 2016. Wadda ta maye gurbinta a kasuwar jama'a ita ce OpenVPN, da James Yonan ya rubuta a 2001 ya saki asalin rubutunta a fili, kowa ya duba, kowa ya yi amfani da ita ba tare da biyan lasisi ba. Wannan ne ya sauƙaƙa sana'ar ƙwarai. Duk mai iya hayar saba ya iya buɗe kamfanin VPN, na kirki da na banza.

Abubuwa da yawa ne suka fito da VPN daga ofis zuwa hannun jama'a. Wi-Fi ya bazu a filayen jirgin sama da shagunan shan kofi a lokacin da yawancin shafuka ba sa kulle hulɗarsu da masu shiga. A watan Oktoban 2010 Eric Butler ya saki wata 'yar manhaja mai suna Firesheep, wadda ke bai wa mutum damar shiga asusun Facebook ko Twitter na maƙwabcinsa a kan Wi-Fi ɗaya da dannawa guda. Sai kuma toshe shafuka da gwamnatoci ke yi. Cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta fitar da Psiphon a 2006 don mutanen ƙasashen da ake tace musu intanet, shi kuma Hotspot Shield na kamfanin AnchorFree, mai dogaro da talla, ya yi farin jini a Masar da Tunisiya lokacin guguwar sauyin ƙasashen Larabawa ta 2011. Fallasar da Edward Snowden ya yi a 2013 kan leƙen asirin hukumomin Amurka ta ƙara wa kasuwar wuta. Akwai kuma dalilin da ba na siyasa ba, wato kallon finafinai da wasannin da aka keɓe wa wata ƙasa, abin da ya sa Netflix ya fara toshe masu shigowa ta VPN a 2016.

A nan ne matsalar kyauta ta kunno kai. VPN ba ta kawar da buƙatar amincewa da wani, canja wanda aka amince wa kawai take yi. Kamar mutumin da bai yarda da gidan waya ba ne ya kai saƙonsa tasha ya damƙa wa direba: ya tsira daga idon ma'aikacin gidan waya, amma yanzu direban ya san mai aikowa, ya san mai karɓa, kuma kayan suna hannunsa har ƙarshen tafiya. Kamfanin VPN yana iya ganin duk inda mai amfani da shi ya nufa. Ga shi hayar saba da layin da za ta ɗauki dubban mutane kuɗi ne da ake biya duk wata. Idan mai waya bai biya ba, to lallai akwai wata kafar da kuɗin ke shigowa, kuma tarihin VPN na kyauta kusan duka tarihin gano waɗannan kafofi ne.

A 2015 asirin wata VPN ta kyauta mai suna Hola ya tonu. Manhajar ba ta dogara da sabobi nata kaɗai ba, na'urorin masu amfani da ita kyauta take mayarwa hanyar wucewar wasu, tana kuma sayar da wannan hanya ga 'yan kasuwa ta wani reshenta mai suna Luminati. Ma'ana, wani baƙo zai iya aikata ɓarna a intanet da adireshin mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. A shekarar da ta biyo baya masu bincike daga hukumar CSIRO ta Ostireliya da wasu jami'o'i suka gwada manhajojin VPN 283 na Android. Kashi 18 cikin ɗari ba sa kulle komai sam, kashi 38 an ga alamun muguwar manhaja a jikinsu, kashi 75 kuma suna ɗauke da kayan bibiyar mutum na wasu kamfanoni. Ba ƙananan kamfanoni kaɗai ba ne. Facebook ya sayi kamfanin Onavo a 2013 ya ci gaba da raba VPN ɗinsa kyauta da sunan kariya, alhali yana amfani da shi wajen sanin manhajojin da mutane suka fi buɗewa da tsawon lokacin da suke ɗauka a ciki. An cire shi daga rumbun Apple a 2018, aka rufe shi a 2019, a 2023 kuma kotun tarayyar Ostireliya ta ci tarar rassan kamfanin biyu dalar Ostireliya miliyan 20.

Alƙawarin da ya fi yawa a tallar VPN shi ne cewa ba a ajiye tarihin abin da mutum ya yi. A watan Yulin 2020 aka tarar da rumbun bayanan wasu VPN na kyauta guda bakwai masu mazauni a Hong Kong, ciki har da UFO VPN, a buɗe ba makulli, da adireshin na'urori da kalmomin sirri na miliyoyin mutane, duk da sun rubuta a shafukansu cewa ba sa ajiye komai. Mafi muni shi ne abin da Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta bayyana a watan Mayun 2024 da ta rusa wata ƙungiyar kwamfutocin da aka sace mai suna 911 S5. An tara adireshi sama da miliyan 19 ta hanyar manhajojin kyauta irin su MaskVPN da DewVPN, ana hayar su ga 'yan damfara.

Duk da haka, zalunci ne a yi wa masu bayar da kyauta kuɗin goro. Akwai wani reshe na sana'ar da tun farko ya bayyana inda kuɗinsa ke fitowa: masu biya ne ke ɗaukar nauyin marasa biya, kyautar kuma tana da iyakar da aka faɗa a fili. TunnelBear na Toronto ya daɗe yana ba da megabait 500 a wata kafin ya ƙara, kuma a 2017 ya gayyato kamfanin Cure53 na Jamus ya binciki tsarinsa, ya wallafa sakamakon har da kurakuran da aka gano. Wannan mataki ya zama ma'auni ga sauran kamfanoni. Windscribe, shi ma na Kanada, yana ba da gigabait 10 a wata. Proton VPN na Suwizalan, wanda ya fito a 2017, bai ƙayyade yawan data ba, sai dai ya taƙaita ƙasashe da adadin na'urori ga marasa biya, a 2020 kuma ya buɗe asalin rubutun manhajojinsa. Ga mai ƙaramar buƙata, wato karanta labarai, aika saƙo da shiga Wi-Fi na otal, irin waɗannan sun wadatar, kuma iyakar da suka sa alama ce ta gaskiya. Manhajar da ta yi alƙawarin komai kyauta ba iyaka, ba a san mai ita ba, tana kuma neman izinin shiga lambobin waya da hotuna, ita ce abar gudu.

A Afirka, toshe kafofin sada zumunta ne ya koya wa jama'a VPN. Chadi ta toshe WhatsApp da Facebook da Twitter daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. Yuganda ta ɗora harajin shilin 200 kullum a kan masu shiga waɗannan kafofi a 2018, mutane da yawa suka zagaye shi. A Najeriya, bayan Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, gwamnati ta dakatar da shafin daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, Ministan Shari'a Abubakar Malami kuma ya ba da umarnin gurfanar da masu karya dokar. A 'yan kwanakin farko aka yi ta sauke manhajojin kyauta ba zaɓe, har maganganun 'yan Najeriya suka riƙa bayyana cikin batutuwan da ke tashe a ƙasashen da sabobin suke. A nan mutane suka san ɗawainiyar VPN a aikace: batir yana saurin ƙarewa, shafi yana jan ƙafa, wata manhajar banki ta ƙi buɗewa sai an kashe VPN.

Shekarar 2021 ce kuma ta nuna inda ƙarfinta ya tsaya. Da aka katse intanet ta waya a Nijar kusan kwana goma bayan zaɓen watan Fabrairu, da kuma lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumba saboda yaƙi da 'yan bindiga, babu manhajar da ta yi wani amfani, domin VPN tana bi ne ta kan layin da ke aiki.

Fasahar kanta ta sauya. WireGuard ta Jason Donenfeld, mai layukan rubutu kusan 4,000 kacal, ta shiga cikin Linux a watan Maris na 2020, kuma saurinta da sauƙin bincikenta sun sa yawancin kamfanoni suka koma kanta. A ɗaya ɓangaren, buƙatar farko ta ragu. Tun da Let's Encrypt ya fara raba takardun kulle shafi kyauta a 2015, Chrome kuma ya fara yi wa shafukan da ba su da kulle tambarin rashin tsaro a 2018, mafi yawan shafuka suna kulle hulɗarsu da kansu, don haka irin harin Firesheep ya zama da wuya. Abin da ya rage wa VPN shi ne ɓoye inda mutum ya nufa daga idon mai layi, da sauya adireshinsa. Ba ta hana mutum faɗawa tarkon shafin bogi, ba ta kuma ɓoye shi daga Google ko Facebook muddin ya shiga asusunsa.

Dokar ƙasar da kamfani yake ita ma ta shiga lissafi tun 2011, lokacin da kamfanin HMA na Birtaniya ya miƙa bayanan wani mai amfani da shi bisa umarnin kotu a shari'ar kutsen da aka yi wa Sony Pictures. A 2017 Sin ta tsananta dokar lasisi har Apple ya cire manhajojin VPN da dama daga rumbunsa na ƙasar, Rasha kuma ta kafa dokar tilasta wa kamfanonin toshe shafukan da gwamnati ta haramta. A watan Afrilun 2022 hukumar tsaron intanet ta Indiya ta umarci kamfanonin VPN su riƙa ajiye sunaye da adireshin abokan cinikinsu na shekara biyar, sai ExpressVPN da NordVPN da Surfshark da Proton suka kwashe sabobinsu daga ƙasar.