Yadda Python Ke Gano Lamba Mafi Girma

A harshen kwamfuta na Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, umarnin max() ne ke zaɓo lamba mafi girma cikin jeri. Yakan riƙe ta farko, ya kwatanta ta da mai bi mata, ya ajiye wadda ta fi, har jerin ya ƙare. Lambobi 100 na buƙatar kwatance 99.

Sai dai a yi hattara. Duk abin da aka shigar ta input() rubutu ne, ba lamba ba. A rubutu kuwa, "900" ya fi "15000", domin alamar farko ake fara dubawa. Don haka mai lissafin ciniki ko albashi ya fara mayar da su lambobi da int() kafin a kwatanta.