Fijo 504: Daga Tseren Safari Zuwa Hanyar Malumfashi

Ina yaro a Funtua, Peugeot 504, wato Fijo, ita ke kai mu Malumfashi. Sai da na girma na gano ashe gwanar tsere ce. A 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna, Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da ita. Kafin tsere akan ƙarfafa shokozoba, a rufe ƙarƙashin inji da faifan ƙarfe, a kafa ƙarafan kariya cikin mota. Makanikanmu ma sun ƙarfafa mata ƙafa, amma don buhunan masara. An daina haɗa ta a 2006, tsofaffin masu gyaranta kuwa sai ƙarewa suke. Allah ya jiƙan magabata.