Ziriums: ɗan Kano da ya kai gambarar Hausa New York

Wani ya rubuta wai gambarar zamani ta Hausa da DJ AB ta fara. Haba ɗan'uwa! Ban rage wa DJ AB komai ba, amma ina ka ajiye Nazir Ahmed Hausawa, wato Ziriums?

Kun san halin da Kano ta shiga daga 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, da aka ɗora Abubakar Rabo a kan Hukumar Tace Finafinai. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundinsa Bahaushiya. A 2008 Ibro ya shiga gidan yari, Iyan-Tama ma haka. 'Yan fim suka yi ta kwashe kayansu zuwa Kaduna, waɗanda suka rage kowa ya kame bakinsa. Ana cikin wannan zafi Ziriums ya saki Girgiza Kai.

Ku koma ku saurari waƙar nan da kunnen basira. Matashi ne, ba kuɗi ba ubangida, ya ɗauki Hausar Kano tsantsa ya ɗora kan kiɗan hip-hop, ya fito fili ya ƙalubalanci yadda ake farautar mawaƙa. Ya san an ɗaure waɗanda suka fi shi suna da gata, amma bai fasa ba. A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, har da Girgiza Kai, da Oyoyo ta Zango, da Hasbunallahu ta su Aminu Ala. Ashe talla aka yi mata! Mu nan Yauri dokar Kano ba ta hau kanmu ba. Ta Bluetooth ta riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya, tun daga tashar mota har bakin ruwa wajen masu jirgi.

Masu cewa wannan kiɗan baƙo ne kuwa, ko sun manta da 'yan gambara masu zuba baki a kasuwanninmu tun zamanin kakanni? Habaici da saurin harshe ba Amurka ce ta koya mana ba.

Daga baya ya koma New York, ya fitar da kundin This Is Me ta intanet a 2010. Wasu sun ce gudu ya yi. Wanda ya gudu ai shiru yake yi, shi kuwa da Hausarsa ya ci gaba da rerawa a ƙasar da aka haifi hip-hop.

Sai tashar Arewa24 ta zo a 2014, Nomiis Gee ya buɗe wa samari fili a cikinta, su ClassiQ da DJ AB suka cika gari. Duk mai ba da tarihin gambarar Hausa ya tsallake Ziriums, tarihinsa bai cika ba.