Wanke fim mai launi da sinadaran baƙi da fari

Wanke fim mai launi da sinadaran baƙi da fari dabara ce da masu ɗaukar hoto ke komawa gare ta idan babu sinadaran launi a kusa, ko kuma fim ɗin ya tsufa har an daina yin ruwan wankinsa. Hoton yana fitowa, amma babu launi. Ga iyalin da suka tsinci fim ɗin da ba a wanke ba a cikin akwati ko a cikin kyamarar wani mamaci, sau da yawa wannan ce hanyar da ta rage ta ganin abin da ya ɗauka, tunda wuraren wankin fim sun yi ƙaranci bayan shigowar kyamarar dijital da wayar hannu.

Dalilin da ya sa hoto ke fitowa

Tushen kowane fim ɗaya ne: leda ce da aka shafa wa gishirin azurfa mai jin haske. Fim mai launi yana da hawa uku na wannan shafe, ɗaya na jin shuɗin haske, ɗaya kore, ɗaya ja, kuma a kowane hawa akwai sinadarin da zai rikiɗa ya zama rini. A tsarin C-41, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1972, ana jiƙa fim na minti 3 da daƙiƙa 15 a ruwa mai zafin kusan digiri 38. Ruwan yana mai da gishirin da haske ya taɓa zuwa baƙar azurfa, rinin kuma yana bayyana a daidai wurin. Daga nan sai a narkar da azurfar duka, rini kaɗai ya rage.

Ruwan baƙi da fari, irin su D-76 na Kodak ko Rodinal da Agfa ya ƙirƙiro a 1891, rabin aikin yake yi. Yana fito da azurfar, amma ba ya tayar da rinin. Saboda haka hoton azurfa ake samu a hawa ukun.

Yadda ake yi

Ana naɗa fim a cikin tulun wanki a ɗaki mai duhu sosai. Wata hanya da aka saba bi ita ce a haɗa kashi 1 na Rodinal da kashi 100 na ruwa a digiri 20, a girgiza a minti na farko, sannan a bar shi tsawon awa ɗaya. Bayan haka a ɗauraye, a zuba ruwan kafe hoto, wanda da Faransanci ake kira fixateur, a sake ɗaurayewa, a shanya inda babu ƙura. A ƙasashe masu zafi ruwan famfo kan wuce digiri 20, don haka ana sanyaya shi da ƙanƙara.

Negatif ɗin da ya fito yana da duhu, launinsa tsakanin ruwan goro da ruwan ƙasa. Abu biyu ke jawo haka: launin ruwan goro da aka gina a jikin fim tun daga masana'anta, da wani siririn hawa na azurfa mai tace haske, wanda wankin launi ne kaɗai ke cire shi. Wannan duhun yana wahalar da bugawa a takardar hoto, shi ya sa aka fi saka shi a na'urar sikana a gyara a kwamfuta.

Fina-finan da suka fi bukatarta

A duba rubutun da ke jikin gwangwanin fim kafin a taɓa shi. Idan an ga Kodachrome, to babu sinadarin rini a jikinsa, a wurin wanki ake saka masa. Kodak ya daina yin sa a 2009, kuma wurin ƙarshe da ke wanke shi da launi, Dwayne's Photo a jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. Yana kuma da baƙin shafe a bayansa, wanda ake tausasawa da ruwan soda a goge. Idan an ga C-22, tsarin da ya gabaci C-41, shafen fim ɗin ba ya jure zafin digiri 38, yana iya saɓulewa ya tafi da hoton.

Fim ɗin C-41 da ya shekara da yawa cikin zafi ma yakan fi ba da hoto ta wannan hanya, domin sinadaran rini sukan riga azurfa lalacewa. Wanda bai daɗe ba kuwa, gara a haƙura a nemi mai wankin launi. Ƙwararru kan iya dawo da wani abu na launin daga baya, ta hanyar mai da azurfar gishiri su sake wankewa da ruwan C-41. Amma wankin farko ba ya maimaituwa, don haka ana fara gwaji da ɗan guntu daga ƙarshen fim kafin a jiƙa sauran.