Taƙaitaccen Tarihin Sunan Kabara da Darasinsa ga Masu Binciken Nasaba



Sunan Kabara yana daga cikin sunayen gidajen ilimi da suka fi shahara a ƙasar Kano. Manomin Ɗambatta ya san shi, mai rini a Minjibir ya san shi, haka nan almajirin da ya taso daga Bichi ko Makoɗa. Sai dai da yawa daga masu ambatonsa ba su san inda ya samo asali ba, har wasu kan zaci daga kalmar kabbara ya fito saboda kusancin lafazi. Alhali kuwa sunan gari ne, kuma sanin yadda ya zama sunan zuriya zai amfani duk mai son gano tushen gidansu.

Garin Kabara

Kabara gari ne a ƙasar Mali ta yau, kimanin kilomita 8 kudu da birnin Tambutu. Da yake Tambutu ba a bakin kogin Kwara take ba, Kabara ce ta zama mashigar jiragen ruwanta shekaru aru-aru. A nan ake sauke hatsin da ya fito daga Jenne, a nan kuma ake loda gishirin da raƙuma suka kawo daga Sahara. A zamanin daular Songhai akwai basarake na musamman mai kula da wannan mashiga, wanda ake kira Kabara-farma. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, sannan ya bi ta Kabara ya shiga Tambutu a 1853. Daga baya yashi da ƙarancin ruwa sun rage wa garin wannan matsayi, jirage suka fi tsayawa a Koriyume.

Wajibi ne mai bincike ya lura cewa akwai wani tsohon gari mai kusan irin wannan suna can sama da kogi, a yankin Masina, wanda Ibn Baɗuɗa ya ambata a tafiyarsa ta ƙarni na 14. Masana tarihi sun rinjayar da cewa can ne asalin Modibbo Muhammadu Alkabari, babban malamin Tambutu na ƙarni na 15 da ya zo a littafin Tarihus Sudan. Ke nan ganin nisbar Alkabari a tsohon littafi bai isa hujjar haɗa nasabar mutum biyu ba.

Daga Tambutu zuwa Kano

A ƙarshen ƙarni na 18 wani malami mai suna Malam Umaru ya taso daga Kabara ta Tambutu ya sauka a Kano, kafin jihadin da ya kawo ƙarshen mulkin Sarki Alwali a 1807. Bisa al'adar Kanawa ta kiran baƙo da sunan garinsu, sai aka riƙa ce masa Malam Kabara. Ya zauna daura da Gidan Rumfa yana karantarwa, har wurin da ya zauna ya zama Unguwar Kabara. Ta haka sunan ya taka matakai huɗu: ya fara da gari, ya zama laƙabin mutum guda, ya koma sunan unguwa, daga bisani ya tabbata a kan zuriya.

Wanda ya kai sunan ko'ina a duniyar Musulmi shi ne Shehu Muhammadu Nasiru Kabara, Allah Ya ji ƙansa. An haife shi a ƙauyen Guringawa da ke wajen birni, ya yi karatu a hannun Malam Ibrahim Natsugune, ya ziyarci Bagadaza a 1953, ya jagoranci ɗariƙar Ƙadiriyya har zuwa rasuwarsa a 1996, inda ɗansa Shehu Ƙaribullahi ya gaje shi. Abin lura shi ne, da za a bi wurin haihuwa da Guringawa za a jingina shi. Amma ya riƙe sunan kakansa na sama, ya kuma rubuta tarihinsa a littafin Jala'ul Basar. Wannan ne ya sa sunan yake da silsila da hujja a bayansa.

Yadda lamarin yake a arewacin Kano

A garuruwan arewa da birni, inda gona ke manne da gona kuma ba a barin ƙasa ta huta, sunayen da mutane ke ɗauka a ƙarshen sunansu ba iri ɗaya ba ne. Asalin al'ada ita ce a ce wane ɗan wane ɗan wane. Zuwan makarantun boko, tun daga ta Ɗan Hausa a Nasarawa a 1909 da Kwalejin Katsina a 1922, shi ya yawaita rubuta ɗalibi da sunan garinsu domin a bambanta masu suna ɗaya. Da sunan Ahmadu Raɓa aka san Sardauna a makaranta, kuma ta irin wannan hanya aka sami sunaye kamar Magaji Ɗambatta.

Ɗambatta kanta misali ce. Ɗantunku ya zauna a cikinta kafin yaƙinsa da Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya hau mulki a 1819, ya sa ya koma Kazaure. Daga nan garin ya shiga hannun Dambazawa, gidan Sarkin Bai. Saboda haka mai amsa sunan Ɗambatta yana iya kasancewa daga Dambazawa, ko daga manoman da aka tarar, ko daga fataken da suka zo daga baya. Akwai kuma sunayen jama'a kamar Agalawa da Tokarawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga wajen Azbin suka zauna a karkarar Kano da Katsina, suka shahara da fataucin goro. Akwai na laƙabi, kamar na Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, aka kuma jingina shi ga Tata, matar da ta rene shi.

Kammalawa

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne, domin a kan nasaba ake raba gado, da ita ake sanin muharrami, da ita ake sada zumunci, kuma shari'a ta yi gargaɗi mai tsanani a kan mutum ya jingina kansa ga wanda ba mahaifinsa ba. A ƙasar da ake raba gona ɗaya tsakanin jikoki, kuskure a silsila kan haifar da rigimar da za ta kai gaban alƙali.

Don haka ya kamata mai bincike ya fara tantance ko sunan gidansu na gari ne, ko na jama'a, ko laƙabi. Sannan ya zauna da dattawa maza da mata, da limamin gari da dagaci, ya rubuta kakanni ɗaya bayan ɗaya, ya duba bayan tsofaffin littattafan gida inda malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa. Inda silsila ta tsaya, ya tsaya a nan. Abin da zuriyar Malam Kabara ta yi na rubuta tarihin kakanta, kowane gida a Kunci ko Tsanyawa zai iya yin irinsa tun dattawan suna raye.

Allah Ya ji ƙan magabata, Ya albarkaci zuriya, amin.