Khabar Lahariya: Jaridar da Matan Karkara Suka Rena a Indiya

Bundelkhand yanki ne mai duwatsu da ƙarancin ruwa, ya ratsa jihohin Uttar Pradesh da Madhya Pradesh a ƙasar Indiya. Fari ya saba kai masa ziyara, maza da yawa kan tafi ci-rani birane, waɗanda suka rage kuma su yi noma ko fasa dutse. Manyan jaridun ƙasar, masu fitowa da Hindi da Turanci, ba kasafai suke leƙa ƙauyukansa ba sai in an yi kisa ko zaɓe ya matso. A nan ne jaridar Khabar Lahariya ta tsiro, kuma mata ne zalla suke tafiyar da ita.

Asalinta ajin yaƙi da jahilci ne. A shekarun 1990 shirin gwamnati na ilimantar da matan karkara, Mahila Samakhya, yana aiki a gundumar Banda tare da ƙungiyar Nirantar ta birnin Delhi. Matan da suka koyi karatu sun rasa abin da za su karanta da harshensu, sai aka fara buga musu wata 'yar takarda mai suna Mahila Dakiya, su ne kuma masu rubuta ta. Da takardar ta daina fitowa, masu karatu suka yi ta tambayarta. Wannan ne ya sa a 2002 wasu daga cikin matan, da tallafin Nirantar, suka kafa Khabar Lahariya a gundumar Chitrakoot, da harshen Bundeli da ake yi a gida da kasuwa.

Yawancin wakilanta 'yan Dalit ne, wato mutanen da tsarin fifita asali na Indiya ya ajiye a ƙasan kowa, sai Musulmi da 'yan ƙabilun daji. Kavita Devi, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, an aurar da ita tana 'yar shekara 12, ba ta shiga makaranta ba tana ƙarama. Mace irinta ta tsaya gaban ɗan sanda ko shugaban ƙauye tana neman bayani, abin mamaki ne a wurin jama'a, abin haushi kuma a wurin manya. Sun sha kora daga ofisoshi, sun sha gori a gidajen mazajensu.

A zamanin buga takarda, aikin duka a kansu yake. Su ne masu ɗauko labari, su tace, su tsara shafi, su kai ɗab'i, sannan su ɗauki jaridar mai shafi takwas su bi ƙauyuka a ƙafa ko a motar haya suna sayarwa rupi biyu. Labaransu na kusa ne: famfon da ya lalace, malamin da ba ya zuwa makaranta, hanyar da aka ci kuɗinta, ladan aikin gwamnati da aka riƙe wa leburori, matar da 'yan sanda suka ƙi karɓar ƙararta. Tunda wakiliya a ƙauyen take kwana, ba ta iya buga ƙarya ta ɓuya, jami'i ma ya san za ta dawo mako mai zuwa ta ga ko an gyara. Da haka mutane suka fara kawo ƙorafinsu da kansu.

Sannu a hankali aka san da su a waje. Sun sami lambar Chameli Devi Jain ta mata 'yan jarida, a 2009 kuma hukumar UNESCO ta ba jaridar lambar Sarki Sejong ta yaƙi da jahilci. Bugu ya bazu zuwa wasu gundumomi har da Sitamarhi a jihar Bihar, aka ƙara harsunan Awadhi da Bhojpuri da Bajjika. A 2013 suka buɗe shafin intanet.

Babban sauyi ya zo a 2016. Kuɗin takarda da wahalar rarrabawa sun yi nauyi, ga shi kuma data ta yi arha a Indiya bayan fitowar kamfanin Jio a wannan shekara. Sai aka raba wa wakilai wayoyin zamani, aka koya musu ɗaukar bidiyo, wasunsu ma ba su taɓa riƙe irin wayar ba. Labarai suka koma YouTube da Facebook da WhatsApp, a ƙarƙashin kamfanin Chambal Media. Bidiyo ya kai labari ga wanda bai iya karatu ba, ya kuma nuna wa duniya ramukan fasa dutse na gundumar Mahoba da rayukan da suke ci. Masu kallo suka kai miliyoyi. Kavita Devi ta zama 'yar Dalit ta farko a ƙungiyar editocin Indiya.

A 2021 fim ɗin Writing with Fire, na Rintu Thomas da Sushmit Ghosh, wanda ya bi rayuwar wakilan, ya ci lambobi biyu a bikin fina-finai na Sundance, a 2022 kuma ya shiga takarar Oscar. Duk da haka jaridar ta fito fili ta ce fim ɗin bai ba da cikakken labarinta ba, domin ya nuna kamar jam'iyya ɗaya take sa wa ido, alhali kowace gwamnati ta sha tambayoyinta.

Mai son kafa kafar labarai ta yankinsa ya lura da jerin abubuwan: karatu ya fara zuwa, sai harshen gida, sai amanar jama'a da aka tara cikin shekara 14 ana yawo da takarda. Waya daga baya ta zo, ta tarar da aiki ya riga ya kafu.